Kowace Waya Da Nauyin Da Za Ta Iya Ɗauka

A duk lokacin da magidanci ya tashi gina gida, akan ga ya tsaya tsayin daka a kan abubuwan da ido zai gani. Shi zai zaɓi launin fenti da kansa, ya zagaya kasuwa neman ƙofofi masu ƙwari, ya yi ta ciniki a kan kwanon rufi har sai ya sami abin da ya kwanta masa a rai. Amma idan aka zo kan wayar lantarki, galibi a lokacin kuɗi sun riga sun ja baya, sai ya miƙa wa mai wayarin abin da ya sawwaƙa, ya ce a lallaɓa a sayo mai sauƙi, tun da yake ba wanda zai gan ta. Da an shafe bango an rufe silin, maganar waya ta wuce ke nan, ba kuwa za a sake tunawa da ita ba sai ranar da aka ji ƙaurin roba da tsakar dare.

Jama'ar ƙasar nan ba su bukatar a gaya musu irin ɓarnar da gobara take yi. Wadda ta tashi a kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin watan Maris na shekarar 2016 ta lashe dubban shaguna, ta mayar da attajirai masu neman jari. Gobara dai tana da dalilai iri-iri, kamar kyandir da aka bari a kunne, da garwashin jin ɗumi lokacin hunturu, da man fetur da aka ajiye a ɗaki. Waɗannan duka ido yana ganinsu, ana kuma iya tsawatawa a kansu. Wanda ya fi su haɗari shi ne wanda ke ɓoye cikin bango, watau wayar da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta.

Dalilin da waya ke ɗaukar zafi

Don a fahimci wannan al'amari, ya kamata a san ma'aunai uku da ma'aikatan lantarki suke amfani da su. Na farko shi ne bolt, watau ƙarfin da ke tura wutar, kamar yadda tsawon tanki yake tura ruwa cikin bututu. A Nijeriya wutar da ake ba gidaje bolt 230 ce bisa ƙa'ida. Na biyu shi ne amfiya, watau yawan wutar da ke gudana cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bi ta bututun. Na uku shi ne wat, watau yawan wutar da kowane kayan aiki yake ci, wanda akan rubuta a jikinsa ko a kwalinsa.

Babu wayar da wuta take bi ta cikinta ba tare da ta gamu da 'yar turjiya ba, wannan turjiya kuwa ita ce ke zama zafi. Gwargwadon sirantar waya da tsawonta, gwargwadon yawan turjiyarta. Abin da ya kamata a lura da shi sosai shi ne, zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar. Idan aka ninka wutar da ke bin waya sau biyu, zafin da take fitarwa ninkuwa yake yi sau huɗu; idan aka ninka ta sau uku, zafin ya ninku sau tara. Shi ya sa wayar da ta shekara tana ɗauke da ƙwan fitila da fanka lami lafiya take iya narkewa cikin 'yan mintoci ranar da aka jona mata hitar dafa ruwa.

Ƙarfen da ke cikin waya ba shi ne yake fara gazawa ba. Robar da aka lulluɓe shi da ita ce take da iyaka. Irin robar da aka fi amfani da ita a gidaje an yi ta ne don ta jure zafin da bai wuce digiri 70 na ma'aunin santigired ba. Idan ana yawan ƙetare wannan iyaka, sai robar ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage. Daga nan sai wayoyi biyu su taɓa juna, tartsatsi ya tashi, ya sami busasshen katakon rufi ko silin yana jiransa. Sau da yawa wannan lalacewa takan ɗauki shekaru tana tafiya a hankali, mai gida kuwa yana ganin tun da fitila tana kamawa ai komai lafiya.

Lambobin waya da aikin kowace

Lambar da ake kiran waya da ita a kasuwa, kamar 1.5 ko 2.5 ko 4, tana nufin faɗin bakin ƙarfen da ke ciki idan an yanke shi, a ma'aunin murabba'in milimita. Ba kaurin roba ake nufi ba, ko da yake nan ne ake yaudarar mutane da yawa. Lambobin da aka saba gani a aikin gida su ne 1, da 1.5, da 2.5, da 4, da 6, da 10, da 16, da 25.

Ƙa'idojin da ake bi a wannan sana'a a ƙasar nan sun samo asali ne daga na Ingila, waɗanda aka fara bugawa a shekarar 1882, aka yi ta gyara su har aka fitar da bugu na 18 a shekarar 2018. Bisa ga jadawalin da ke cikinsu, wayar jan ƙarfe mai rigar roba da aka zura cikin bututu a jikin bango tana ɗaukar wuta kamar haka: mai lamba 1.5 amfiya 17.5, mai lamba 2.5 amfiya 24, mai lamba 4 amfiya 32, mai lamba 6 amfiya 41, mai lamba 10 amfiya 57, mai lamba 16 amfiya 76, mai lamba 25 kuwa amfiya 101.

Daga nan ne al'adar ma'aikata ta samo tushe. Akan ja layin fitilu da fankoki da mai lamba 1.5, layin soket da mai lamba 2.5. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka akan ware wa kowace layinta daban da mai lamba 2.5 ko 4, gwargwadon girmanta da nisanta. Murhun girki na lantarki yana bukatar mai lamba 6 ko 10. Babbar wayar da ke tasowa daga mita zuwa akwatin rarraba wuta, wadda nauyin gidan gaba ɗaya yake kanta, akan sa mai lamba 10 ko 16, ko fiye da haka a babban gida. Wayar ƙasa kuma, mai launin kore ko kore da rawaya, wadda ke kwashe wuta idan ta zuba a jikin ƙarfen firji ko dutsen guga, ba a raina ta. Inda ake zura wayoyi ɗaiɗai cikin bututu, hanya mafi aminci ita ce a yi ta daidai da kaurin mai ɗauke da wutar, matuƙar lambar ba ta wuce 16 ba.

Sai dai wannan al'ada mafari ce kawai. Ma'aikacin da ya haddace ta ya tsaya nan, bai gama koyon sana'arsa ba, domin akwai abubuwa uku da za su iya rushe ta: nauyin kayan da za a jona, da zafin wurin da wayar za ta bi, da kuma nisan tafiyarta.

Lissafin nauyi

Lissafin nauyi ba shi da wuya, duk wanda ya yi makarantar firamare zai iya yin sa. Ana raba yawan wat da yawan bolt, abin da ya fita shi ne amfiya. Dutsen guga mai wat 1,000, idan aka raba da 230, yana jan amfiya 4 da 'yan kai. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9. Hitar wanka mai wat 3,000 tana jan amfiya 13. Murhun girki mai wat 7,000 idan an kunna shi duka yana jan amfiya 30. Ƙwan fitila irin na zamani mai wat 10 kuwa, ko ashirin aka kunna a lokaci guda ba su kai amfiya ɗaya ba.

Wannan ya nuna cewa yawan fitilu ba shi ne abin tsoro a gida ba. Kayan da ke dafa abu, ko su gasa, ko su sanyaya, su ne masu cin wuta. Saboda haka tambayar farko da ma'aikacin kirki zai yi wa mai gida ita ce, me da me za a jona a kowane ɗaki, yau da kuma nan gaba? Ɗakin da aka ja wa waya don fitila da rediyo, bayan shekara biyar yana iya zama ɗakin amarya mai firji da hita da na'urar sanyaya ɗaki. Shagon da aka gina don sayar da atamfa yana iya komawa hannun mai sayar da ƙanƙara, ya jera manyan firji huɗu a kan soket ɗaya. Sauya waya bayan an shafe bango aiki ne mai tsada da ɓata gini, alhali ƙarin kuɗin da ke tsakanin lamba ɗaya da ta gaba da ita a ranar gini bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin ginin duka.

Kayan da ke da inji a ciki, kamar firji da injin tura ruwa da injin niƙa, suna da wani hali na daban. A lokacin tashi sukan ja wuta ninkin abin da suke ci sau da yawa, kafin su daidaita. Haka nan kuma idan wuta ta zo da rauni, kamar yadda takan yi a unguwannin da jama'a suka yi wa taransifoma yawa, inji yakan ƙara jan amfiya don ya cika aikinsa. Injin da ke bukatar wat 1,000 yana jan amfiya 4.3 a kan bolt 230, amma idan wutar ta sauko zuwa bolt 180 sai ya nemi wajen amfiya 5.6. Watau a daidai lokacin da fitila ta yi ja, mutane suna cewa wuta ba ta da ƙarfi, a lokacin ne wayar inji take shan wahala.

Zafin ƙasarmu

A nan ne babban kuskure yake, har ga waɗanda suka yi karatun sana'ar. Alƙaluman da aka ambata a baya an tsara su ne bisa zaton cewa zafin iskar da ke kewaye da wayar bai wuce digiri 30 ba. A Sakkwato da Maiduguri da Nguru da makamantansu, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin inuwa kansa yakan wuce digiri 40. Tsakanin kwanon rufi da silin kuwa, inda mafi yawan wayoyin gida suke bi, zafin rana tsaka yakan haura digiri 50. Wayar da ke kwance a irin wannan wuri ta riga ta yi zafi tun kafin a kunna komai, saboda haka abin da ya rage mata kafin ta kai iyakarta ta digiri 70 kaɗan ne.

Ƙa'idojin sun yi tanadin wannan. Sun ce idan zafin wuri ya kai digiri 40, waya mai rigar roba kashi 87 cikin 100 na nauyinta kawai za ta ɗauka. Idan ya kai digiri 45, kashi 79. Idan ya kai digiri 50, kashi 71. Idan kuwa ya kai digiri 60, rabi kacal. Bugu da ƙari, wayoyin da aka cusa cikin bututu ɗaya suna gasa juna, kamar yadda ɗaki yake ƙara zafi idan mutane suka cika shi. Layi biyu a bututu ɗaya, kowanne kashi 80 cikin 100 zai ɗauka. Layi uku, kashi 70.

Alal misali, a ɗauki waya mai lamba 2.5, wadda littafi ya ba ta amfiya 24. Idan ta bi ta cikin rufin da zafinsa ya kai digiri 50, ta dawo amfiya 17. Idan kuma ma'aikaci, don tsimin bututu, ya haɗa ta da waɗansu layuka biyu, ta dawo ƙasa da amfiya 12. Hitar wanka mai jan amfiya 13, wadda a takarda ake ganin wayar ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, yanzu ita ce ta fi ƙarfin wayar. Ba a sayi jabu ba, ba a saɓa wa al'ada ba, amma duk da haka an dasa haɗari a saman ɗakin kwana. Maganin abin shi ne a ƙara lamba zuwa 4, ko a raba bututun, ko a sauya hanyar wayar ta bi inda ya fi sanyi.

Nisan tafiya

Abu na uku shi ne nisa. Kamar yadda ruwan famfo yake raunana kafin ya kai gidan da ke ƙarshen layi, haka ƙarfin wuta yake zubewa a hanya. Ƙa'ida ta yarda a yi asarar kashi 3 cikin 100 a layin fitilu, da kashi 5 cikin 100 a sauran layuka. A kan bolt 230, wannan yana nufin kimanin bolt 7 ga fitilu, da bolt 11 da rabi ga sauran kaya.

A cikin ƙaramin gida wannan ba ya cika zama matsala. Inda yake tasowa shi ne a gonaki da makarantu da manyan gidaje, inda ake jan wuta zuwa rijiyar burtsatse, ko ɗakin maigadi, ko shagon da ke bakin titi. A ce injin tura ruwa yana jan amfiya 10, rijiyar kuma tana da nisan mita 100 daga akwatin rarraba wuta. Idan aka dubi nauyi kaɗai, mai lamba 2.5 ta isa har da saura. Amma a wannan nisa za ta zubar da bolt 18 a hanya, abin da ya wuce ƙa'ida. Mai lamba 4 za ta zubar da bolt 11, watau da ƙyar ta tsallake. Mai lamba 6 kuwa bolt 7 da ɗan ɗori kawai za ta zubar, ita ce kuma za ta bar wa injin sararin tashi. Manoma da yawa sun sha kai inji wurin gyara suna zargin kamfanin da ya ƙera shi, alhali siririyar wayar da aka ja masa ce take kashe shi da yunwa.

Fis mai gadin waya ne

Mutane da yawa suna zaton fis, ko na'urar yanke wuta da ma'aikata ke kira bireka, an sa su ne don kare talabijin da firji. Aikinsu na farko shi ne kare waya. An yi fis ne da gangan ya zama wuri mafi rauni a layi, don ya ƙone kafin wayar da ke cikin bango ta ƙone. Saboda haka dokar ita ce, ƙarfin fis ya kai nauyin kayan da ke layin, amma kada ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka a inda take kwance.

A bisa al'ada, layin fitilu mai lamba 1.5 akan sa masa bireka mai amfiya 6 ko 10. Layin soket mai lamba 2.5 da ya tafi kai tsaye akan sa masa mai amfiya 16 ko 20. Akwai kuma tsarin zobe da aka gada daga Ingila, inda waya mai lamba 2.5 take fita daga akwati, ta zagaya soket-soket, ta komo inda ta fito. Da yake wuta tana bi ta hannu biyu, akan sa masa bireka mai amfiya 32. Haɗarin wannan tsari shi ne, idan zoben ya tsinke a wani wuri, ko wani ya yanke shi wajen gyara, soket za su ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru, alhali siririyar waya guda ce ta rage a ƙarƙashin birekar da ta fi ƙarfinta.

Mafi munin ɗabi'a ita ce ta mutumin da bireka ta dame shi da yanke wuta, sai ya kira yaro ya cire ta ya sa babba, ko fis ya ƙone ya ɗaura masa waya mai kauri ko ƙusa. Birekar da ke yawan faɗuwa magana take yi, tana cewa kaya sun yi yawa ko akwai lahani a layi. Wanda ya toshe mata baki ya kori maigadi ne don yana tashinsa daga barci da ihun ɓarawo.

Kallon kitse ake yi wa rogo

Duk wannan lissafi yana tsayawa ne a kan sharaɗi ɗaya, watau abin da aka rubuta a jikin waya ya zama shi ne a cikinta. Abin takaici, kasuwa ba ta rasa jabu. Akwai wadda aka rubuta wa 2.5 alhali ƙarfenta bai kai haka ba, aka cika kaurin da roba. Akwai wadda cikinta alminiyam ne, wanda aka fi sani da sanholo, aka shafa masa jan ƙarfe a bisa. Alminiyam kuwa kimanin kashi 61 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa yake ɗauka shi yake iya wucewa da ita a kan turjiya guda, ga shi da saurin karyewa da sassautawa a wurin ɗauri. Ba a ce alminiyam ba shi da amfani ba, don kuwa wayoyin da ke bisa falwaya galibi nasa ne, amma can an san shi ne, an kuma ƙara masa kauri daidai da rauninsa. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan jan ƙarfe.

Mai saye yana da hanyoyin gane gaskiya tun a bakin shago. Ya sa a feɗe bakin wayar a kankare ƙarfen da wuƙa: jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki, jabu kuwa fari zai bayyana. Ya kusantar da mayen ƙarfe, idan ya kama to baƙin ƙarfe ne aka rina. Ya jinjina naɗin a hannu, domin jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na waya mai lamba 2.5 shi kaɗai ya kai kilo 2 da ɗan ɗori ban da roba, alhali na alminiyam bai cika kilo ɗaya ba. Ma'aikaci mai abin awo yana iya gwada kaurin ƙarfen: mai lamba 2.5 mai silli ɗaya milimita 1.78 ne, mai lamba 1.5 kuma milimita 1.38. Ya kuma tambaya ko naɗin mita 100 ne ko yadi 100, don yadi 100 bai wuce mita 91 da 'yan kai ba.

Har ila yau a dubi sunan kamfani da lambar waya a jikin robar kanta, da tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON, wadda aka kafa a shekarar 1971. Akwai masana'antun waya a Kaduna da Legas da Nnewi da waɗansu garuruwa, kayansu kuwa sun yi suna wajen inganci, har ma sunan nasu ne masu jabu suke sata. Don haka sayen waya a hannun dillalin da aka sani, da karɓar rasit, ya fi bin araha. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. A sha'anin lantarki kuwa ba ado kaɗai take hanawa ba.

Sola da janareta da wayar jone

Shigowar wutar sola gidaje da shaguna ta zo da wani sabon kuskure. Mutane suna ganin tun da batir bolt 12 ne kawai, ba ya jan mutum, to kowace waya ta isa. Lissafi ya nuna akasin haka. Inbata mai ba da wat 1,000 tana jan fiye da amfiya 83 daga batir mai bolt 12, watau nauyin da ya wuce ƙarfin waya mai lamba 16. Idan tsarin na bolt 24 ne, nauyin ya ragu zuwa rabi. Idan na bolt 48 ne, zuwa rubu'i. Saboda haka wayar da ke tsakanin batir da inbata dole ta zama mai kauri, gajeriya, an ɗaure bakinta tam, an kuma sa mata fis kusa da batir, domin batir idan wayoyinsa suka haɗu yana iya mai da ƙarfe ja wur cikin ƙiftawar ido.

Haka nan wayar da ake ja daga janareta zuwa gida, sau da yawa akan ga 'yar siririya ce irin ta fitilar tebur, an yi mata ɗauri uku ko huɗu an naɗe da leda. Irin wannan lallausar waya mai lamba 0.75 amfiya 6 ce iyakarta. Ita ma wayar jone mai baki huɗu ko biyar, wadda ake sayarwa a bakin hanya, ba a yi ta don hita ko dutsen guga ba. Soket ɗin bango kansa amfiya 13 ne iyakarsa, ko baki nawa aka ƙara masa. Doguwar wayar jone kuma idan an bar ta a naɗe ana aiki da ita, zafi yana taruwa a tsakiyar naɗin har robar ta narke.

Alamu da hakkin kowa

Waya ba ta cika ƙonewa ba tare da ta yi gargaɗi ba. Soket ko makunnin da ke zafi idan an taɓa, ko ya yi baƙi a gefe, da ƙaurin roba, da fitilar da ke dusashewa duk lokacin da firji ya tashi, da ƙarar tartsatsi a cikin akwati, duka alamu ne da ke bukatar a kashe layin a kira masani. Tsofaffin gidaje da aka ja wa waya tun zamanin da ba a san na'urar sanyaya ɗaki a gidan talaka ba, sun fi kowa bukatar a bincika su, musamman inda aka yi ta ƙara ɗakuna ana jona sabon layi a jikin tsoho.

Ta fuskar hukuma, sha'anin lantarki ya sauya hannu sau da yawa. An kafa NEPA a shekarar 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, kamar waɗanda ke da hedkwata a Kano da Kaduna da Jos da Yola da Abuja. A shekarar 2015 aka yi dokar da ta kafa hukumar NEMSA, wadda aka ɗora wa alhakin duba ayyukan lantarki da gwada su, da kuma ba ma'aikatan wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Mai gida yana da ikon ya nemi ganin wannan takarda kafin ya ba da aiki, ya kuma nemi a gwada aikin kafin a haɗa shi da wuta. Shugabannin kasuwanni su ma suna da nasu hakkin, na hana jone-jonen barkatai da ake yi daga shago zuwa shago, inda layi ɗaya da aka ja don rumfa biyar yake ɗauke da ashirin.

Amma duk yawan dokoki, mai duba aiki ba zai kwana a gidan kowa ba. Shawara ta ƙarshe tana hannun mai gida ne a ranar da ma'aikaci ya kawo masa takardar kayan da za a saya. Idan ya ga an rubuta lamba 4, ya tambayi dalili kafin ya ce a mai da ita 2.5. Idan kuɗi sun gaza, ya jinkirta fenti, ya bar tsakar gida ba daɓe har baɗi, don waɗannan ana iya yin su ko yaushe. Wayar da aka binne a bango kuwa sau ɗaya ake zaɓenta, a ƙarƙashinta kuma iyali za su yi ta kwana shekara da shekaru.